Yadda Ake Zaɓen Batir na Biyu Domin Firjin Mota a Zafin Kaduna

A shekarar da na fara ɗaukar firji a mota, na kwana a gonar wani aminina da ke kan hanyar Kachia, na bar firjin yana aiki da batirin motar, domin akwai nama da ruwan sha a ciki, ga kuma allurar rigakafin kaji da ya roƙe ni in taho masa da ita daga gari. Da muka idar da sallar asuba na murɗa makulli, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, injin ko motsawa bai yi ba. Motar mai giyar otomatik ce, irinta ba a tura ta ta tashi, saboda haka muka zauna har hantsi ya dubi ludayi kafin wani mai a-kori-kura ya biyo ta wajen, aka ciro batirinsa aka tayar da ita. Batirin nawa bai cika wata takwas da saye ba, amma daga ranar bai sake komawa daidai ba.

Laifin ba na batirin ba ne. Batirin tayar da mota an yi shi ne da siraran farantan dalma masu yawa, domin ya saki wuta mai ƙarfin gaske cikin daƙiƙa biyu ko uku, injin ya tashi, altaneta, wato janaretan da injin ke juyawa, ta mayar masa da ɗan abin da ya bayar. Firji kuwa tsotsa yake yi a hankali dare da rana, kuma irin wannan tsotson da ke kai batir ƙasa shi ne yake cinye siraran farantan nan. Wannan ne ya sa duk wanda ke son firji da fanka da fitila su yi aiki alhali mota na tsaye, ko mai zuwa gona ne, ko likitan dabbobi, ko mai kai yogot da kunun aya kasuwannin ƙauye, ko iyalin da ke fita shan iska Kajuru ko Matsirga, sai ya tanadi batir na biyu, wanda aikinsa daban, hanyar cajinsa kuma daban.

Mataki na farko: a tabbatar da irin firjin

Kafin a yi maganar batir, a duba firjin. Akwai akwatunan sanyi masu araha da ake sayarwa da sunan firjin mota, waɗanda ba su da kwamfuresa, sai wani ɗan faranti da ƙaramar fanka a murfi. Irinsu suna jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da kaya ke ja) 4 zuwa 5 ba tsayawa, kuma iyakar ƙoƙarinsu su rage zafin ciki da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da na waje. A watan Afrilu, lokacin da Kaduna ke haura digiri 35, abin da ke ciki ba zai sauka ƙasa da digiri 15 zuwa 20 ba, alhali allurar rigakafi da insulin suna buƙatar digiri 2 zuwa 8. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Firjin da ya cancanci a yi masa batir shi ne mai kwamfuresa na bolt 12, wato 12V kamar yadda ake rubutawa, wanda yake tashi ya yi aiki na ɗan lokaci, sanyi ya kai, ya huta. Duk lissafin da ke tafe a kan irinsa aka gina shi.

Mataki na biyu: lissafin abin da ake sha a kwana ɗaya

Nan ne ginshiƙin al'amarin, kuma nan ne yawancinmu muke tsallakewa mu tafi kasuwa kai tsaye. A ɗauki batir kamar randa. Girman randar shi ne adadin da ke rubuce da Ah a jikinsa, wato amfiya nawa zai iya bayarwa cikin awa nawa: abin da ke jan amfiya 5 na tsawon awa 10 ya sha 50Ah. Idan kayan da wat aka rubuta ƙarfinsu, sai a raba da 12 a sami amfiya, don haka fanka mai wat 18 tana jan amfiya ɗaya da rabi.

Firji mai cin lita 40 zuwa 50 yakan ja kusan amfiya 4.5 a lokacin da kwamfuresa ke juyawa. Abin da ba a rubuta a jikinsa ba shi ne awa nawa zai juya a yini, kuma wannan yanayin gari ne ke yanke shi. Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a takardar firji galibi an auna su ne a ɗaki mai matsakaicin zafi, murfi a rufe, kaya sun riga sun yi sanyi. Motar da aka ajiye a rana a Kawo ko Rigasa da tsakar bazara, gilasai a rufe, cikinta yakan haura digiri 50. A irin wannan hali, a ƙaddara cewa kwamfuresa zai yi aikin kusan awa 7 cikin awa 12 na rana, da kusan awa 4 cikin na dare. Awa 11 sau amfiya 4.5 ya ba da kusan 50Ah. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, firjin nan ɗin zai iya wadatuwa da rabin haka, amma ba da hunturu ake auna batir ba, da bazara ake aunawa. Wanda kuma zai mayar da firjin firiza domin ƙanƙara ko daskarar da nama, ya ƙara aƙalla rabin wannan adadi a kai.

Sai sauran kaya. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 kowanne, awa 5 daga magariba, kusan 4Ah ke nan. Cajin wayoyi huɗu kusan 6Ah. Fankar nan mai amfiya ɗaya da rabi, idan ta kwana tana juyawa awa 8, ta sha 12Ah. Jimla da firji ya kama 72Ah. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda asarar da ke faruwa a waya da yawan buɗe murfi, musamman idan da yara a tafiyar, abin ya tsaya a wajen 86Ah a kwana ɗaya. Kowa ya ɗauki biro ya yi nasa, da nasa kayan, domin wannan adadin shi za a riƙa komawa gare shi har ƙarshe.

Akwai kayan da bai kamata su shiga lissafin ba sam. Butar dafa ruwa mai wat 1,500, idan aka haɗa ta ta hanyar inbata, za ta ja sama da amfiya 130 daga batir na 12V, wutar da ke buƙatar waya mai kaurin yatsa. Shayi a bar wa risho ko ƙaramin gas. Ita kanta inbata tana cin nata rabon, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ya bi ta cikinta, kuma tana ci ko da ba a jona mata komai ba, saboda haka duk abin da ke da cajar 12V a haɗa shi kai tsaye.

Mataki na uku: zaɓen nau'in batir

Idan ka shiga Panteka ko shagunan kayan sola da ke cikin gari ka ce kana neman batirin firji, abu huɗu za a nuna maka.

Na farko babban batirin mota ne, irin na tirela ko bas, mai lamba 100Ah ko 150Ah. Girmansa na ruɗi, amma ɗan gidan su batirin da ya kwantar da ni a gona ne. Alamar da ake gane shi da ita ita ce lambar CCA da aka buga da manyan baƙaƙe, wadda ƙarfin tayar da inji take nunawa, ba juriyar tsotso ba. A wuce shi.

Na biyu dogon batirin inbata ne mai ruwa, wanda ake kira tubula, mai 200Ah ko 220Ah. A gida jarumi ne, yana da juriya ƙwarai, kuma ya san zafi. A mota kuwa bai dace ba: nauyinsa ya haura kilo 55, dogo ne mai saurin kifewa, ruwan cikinsa asid ne da zai fantsalo a kowane rami, kuma yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, iskar da tartsatsi ɗaya ke isa ya tayar da ita a rufaffen wuri. Na taɓa ganin but ɗin wata mota da asid ya cinye kafet da ƙarfen ƙasa har ana hango kwalta.

Na uku rufaffen batirin dalma ne mai juriyar tsotso, ko AGM ko jel. Ba ya zubar da ruwa, yana jure girgiza, kuma kuɗinsa da sauƙi idan aka kwatanta da litiyam. Sai dai yana da sharaɗi mai tsauri: idan ana so ya daɗe, ba a shan fiye da rabinsa kafin a sake cika shi. Batirin AGM mai 100Ah, a aikace 50Ah ne naka. Ga wanda lissafinsa ya ba da 86Ah, yana buƙatar kusan 170Ah zuwa 180Ah, wato batir biyu masu 100Ah a haɗe gefe da gefe, kowanne kusan kilo 30. Zafi ma yana rage masa kwana. Ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Shi jel ya fi AGM tsantseni wajen caji, ƙarfin wuta ya ɗan wuce kima sai ya lalace, don haka tsakanin su biyun AGM ya fi dacewa da mota.

Na huɗu litiyam ne, amma ba kowane litiyam ba, sai nau'in da aka rubuta wa LiFePO4. Wannan nau'in ya fi sauran 'yan'uwansa da ke cikin waya da kwamfuta natsuwa, ba shi da saurin kamawa da wuta. Mai 100Ah nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da cutar da shi ba, yana karɓar caji da sauri, kuma inda AGM ke yin zagayen caji na 'yan ɗaruruwa, shi yana yin dubbai. A cikinsa akwai wani allon lantarki da ake kira BMS, mai gadin da ke yanke wuta idan an sha da yawa, ko an cika da yawa, ko zafi ya wuce kima. A tambayi amfiya nawa BMS ɗin ke bari ya wuce. Ga batir mai 100Ah, amfiya 100 ne aka saba. Matsalar da Turawa ke kuka da ita, cewa ba a cajinsa idan sanyi ya kai na ƙanƙara, ba ta shafe mu ba. Tamu ita ce zafi, domin yawancinsu ba a so a yi musu caji idan jikinsu ya wuce digiri 45.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Wanda firjinsa zai riƙa aiki kowane mako, litiyam ya fi masa ko da kuɗin farko ya yi ciwo, domin zai canza AGM sau biyu ko uku kafin litiyam ɗin ya gaji. Mai 100Ah zai riƙe lissafin 86Ah na kwana ɗaya da ƙyar, wanda kuwa zai yi kwana biyu mota ba ta motsa ba, ya nemi 200Ah ko ya haɗa da sola. Amma mutumin da sau huɗu ko biyar kawai yake fita a shekara, lokacin Sallah ko girbi, AGM ya ishe shi, muddin zai kula da cajinsa a gida tsakanin tafiya da tafiya.

Mataki na huɗu: hanyar da za a mayar da abin da aka sha

Randa komai girmanta, idan ana ɗiba ba a zubawa, ranar ƙarewarta na zuwa. Na ga mutane da dama sun kashe kuɗi a kan babban batir, sannan suka bar rewaya ya ja waya ɗaya daga batirin mota ya ɗaure su wuri guda. Idan aka yi haka batiran biyu sun zama ɗaya, firji zai shanye su tare, an koma gidan jiya. Dole ne a sami abin da zai haɗa su idan inji na aiki, ya raba su idan an kashe.

Hanya mai sauƙi ita ce rile mai jin ƙarfin wuta, wanda ake kira VSR. Idan ya ji batirin mota ya kai wajen 13.3V, alamar altaneta na caji, sai ya haɗa. Idan wuta ta sauka wajen 12.8V sai ya raba. Yana da araha, kuma yana aiki da AGM a tsofaffin motoci da altanetarsu ke tsayawa tsakanin 13.8V da 14.4V. Yana da aibi biyu. Bai dace da litiyam ba, saboda litiyam da ya yi ƙasa yakan zuƙi duk abin da altaneta za ta iya bayarwa, har ta yi zafi ta ƙone, musamman a cunkoson Ahmadu Bello Way inda inji ke juyawa a hankali ga iyakwandishan a kunne. Na biyu, sababbin motoci da yawa suna da altanetar da kwamfutar mota ke sarrafawa domin rage shan mai, wadda takan sauke wuta zuwa wajen 12.5V ana cikin tafiya, sai rile ya ɗauka an kashe mota ya raba, ka yi tafiyar awa uku batirin baya bai sami abin kirki ba.

Gane irin altanetar ba wuya. A jona mitar auna bolt a kan batirin mota, a yi tafiyar minti 15 wani na kallo. Idan lambar ta zauna a 14 ko kusa da ita, ta gargajiya ce. Idan tana sauka ƙasa da 13, sannan ta yi tsalle zuwa kusan 15 duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, ta zamani ce. Sau da yawa akan ga wata 'yar na'ura maƙale a baƙin kai (negatif) na batirin irin waɗannan motoci.

Abin da ke maganin duka biyun shi ne cajar da ake kira DC-DC. Tana karɓar wutar mota ko nawa ce, ta daidaita ta zuwa abin da batirin baya ke so, kusan 14.2V zuwa 14.6V ga litiyam, sannan ta taƙaita amfiyar da ake ja, altaneta ta huta. Ga litiyam mai 100Ah, caja mai amfiya 30 ta wadatar. Ga AGM mai wannan girma, amfiya 20 zuwa 25. A nan ma a yi lissafi. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya ko ɗan fiye, wato kusan 30Ah za ta zuba, kuma firji na shan nasa a hanya. Mayar da 72Ah na jiya zai ci aƙalla awa biyu da rabi na tuƙi idan litiyam ne. AGM kuwa yakan karɓa da sauri har ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari, daga nan sai ya fara jan ƙafa, ragowar ya ɗauki awoyi, kuma idan kullum ba ya cika, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa ya rage masa ciki har abada. Wannan shi ne ajalin yawancin batiran AGM da na sani, ba tsufa ba.

Wanda zai daɗe a wuri ɗaya, sola ce abokiyar zamansa, kuma Allah ya hore mana rana. Faifai mai wat 200, idan aka ƙaddara awa 5 na rana mai ƙarfi aka cire asarar zafi da ta waya, yakan ba da kusan 50Ah zuwa 55Ah a yini, wato kusan abincin firjin. A watan Agusta hadari zai rage wannan sosai, da hunturu kuma ƙura za ta kwanta a kan gilashin, sai an riƙa gogewa kowace safiya. Ba a haɗa faifai da batir kai tsaye, sai ta na'urar daidaita caji, wadda iri biyu ce, kuma mai MPPT ta fi mai PWM tatso wuta. Wasu cajojin DC-DC suna zuwa da ƙofar sola a jikinsu, wanda ke rage tarkace. Faifan da ake naɗewa ya fi na kan rufi wani amfani guda: mota na inuwar mangwaro, faifai na rana.

Mataki na biyar: a shago

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Takardar da aka manna a jikin batir kowa na iya buga ta, amma dalma ba ta ƙarya a kan sikeli. Na taɓa ɗaga wani batir da aka rubuta wa 100Ah da hannu ɗaya ba tare da nishi ba, na ce wa mai shagon, "Malam, wannan ai bai yi nauyin ɗari ba." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, sabon samfuri ne, yanzu ba sa yin nauyi." Da aka ɗora shi a sikelin mai sayar da gas da ke maƙwabtaka, kilo 19 ya nuna. Batirin AGM na gaskiya mai 100Ah ba ya yin ƙasa da kilo 27 ko 28. Litiyam ma yana da nasa ma'auni. Mai 100Ah da bai kai kilo 9 ba abin tuhuma ne.

A tafi da mita. Sabon AGM da bai daɗe a ajiye ba zai nuna 12.7V ko sama. Idan ya nuna 12.3V ko ƙasa, ya yi watanni a shago cikin zafi ba caji, ya riga ya fara mutuwa tun kafin ka biya. Litiyam yakan zo da rabin caji, yana nuna 13.1V zuwa 13.3V, wannan ba aibi ba ne. A duba ranar ƙira, a duba ko jikin ya kumbura, ko kawunan suna da sawun sifana, alamar an taɓa ɗaura shi. A duba kuma ko an rubuta C20 ko C10 kusa da lambar Ah: na farko an auna shi ne a kan tsotson awa 20, na biyu awa 10, kuma idan lambobin sun zo ɗaya, mai C10 ya ɗan fi ciki. Batiran gwanjo da aka ciro daga turakun sadarwa suna da araha, wani lokaci a dace, amma mita ba za ta faɗa maka abin da ya rage a cikinsu ba. Gwajin gaskiya shi ne a cika batir, a jona masa ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya 5, a duba agogo. Litiyam mai 100Ah ya kamata ya riƙe shi kusan awa 20. AGM kuma bayan awa 10, idan aka cire ƙwan aka bar shi ya huta, ya nuna wajen 12.1V ko 12.2V. A yi wannan gwajin a makon farko, rasit da takardar garanti suna hannu.

Mataki na shida: mazauni, waya da fis

Ƙarƙashin bonet ba wurin litiyam ba ne ko kaɗan, AGM ma wahala yake sha a can. A nema masa wuri a but ko bayan kujera, nesa da inda salansa ta bi ta ƙasa, cikin akwati mai murfi, a ɗaure shi da ƙarfe ko ɗamara mai ƙarfi a jikin motar. Kilo 30 da ba a ɗaure ba, idan aka taka birki da ƙarfi, dutse ne a cikin mota. Ita ma cajar DC-DC kusa da batirin baya ake kafa ta, inda iska ke ratsawa, domin tana ɗaukar zafi.

Waya ita ce wurin da ake yawan yin rowa, kuma ita ke sa a zargi batir da laifin da ba nasa ba. A wutar 12V, asarar rabin bolt babban abu ne. Idan tsakanin batir da firji mita 6 ne, zuwa da dawowa mita 12 ke nan. Siririyar waya mai 1.5mm za ta zubar da kusan 0.7V a amfiya 5, mai 6mm kuwa ƙasa da 0.2V. Firji yana da na'urar kare batir da ke kashe shi idan wutar da ke iso masa ta yi ƙasa, don haka da siririyar waya sai ka ga kwamfuresa ya yunƙura ya mutu, ya sake yunƙurawa ya mutu, alhali batir na da sauran rabi. Daga batirin gaba zuwa caja mai amfiya 30 a bayan mota, a sa 16mm. A kuma kankare bakin wayar da wuƙa kafin a saya: idan jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar fiye da kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe na gaske ke ɗauka.

Duk wayar da ta fito daga kan ja na batir, a sa mata fis a kusa da kan, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma wayar da ke tsakanin batiran biyu fis biyu take buƙata, ɗaya a kowane ƙarshe, tunda wuta na iya fitowa ta kowane ɓangare. Ga caja mai amfiya 30, fis mai 50 ya yi. Ga layin firji, mai 15. Fis waya yake karewa, don haka kada girmansa ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka, kuma kada a yarda wani ya naɗa silin waya a madadinsa. Inda waya ta ratsa ƙarfen mota a sa mata zoben roba. Ramin kunna sigari kuwa a bar shi ga cajin waya; filoginsa yakan saki a hanya mai gargada, ya yi zafi, firji ya mutu ba wanda ya sani. Filogi mai kamawa gam, irin wanda ake kira Anderson, shi ya dace.

Mataki na bakwai: gwaji a ƙofar gida

Na'urar kare batir da ke jikin firji yawanci mataki uku gare ta. Idan firjin na kan batirin tayar da mota, a sa ta a na sama domin ta yanke da wuri. A kan AGM, na tsakiya. A kan litiyam ana iya sa ta a na ƙasa, tunda BMS na gadi. Sai dai litiyam yana da wata ɗabi'a: mita za ta yi ta nuna 13 da 'yan kai tun yana cike har ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi farat ɗaya. Mai son sanin abin da ya rage ya sa na'urar ƙidayar amfiya a baƙin kai na batir, ko ya sayi batirin da ke nuna adadin a wayar hannu.

Kayan da za a zuba a sanyaya su a firjin gida tun dare idan an sami wuta, a cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa masu sanyi, a bar tazarar tafin hannu a gefen da firjin ke fitar da zafi, kada a danne shi da jaka ko darduma. AGM idan an dawo gida a cika shi a ranar, sannan a riƙa ɗora shi a caja duk wata. Litiyam kuwa idan zai daɗe a ajiye, a bar shi da kusan rabin caji, a cire masa komai.

Kafin tafiyar farko, a ajiye motar a ƙofar gida inda rana ke dukanta, a cika batir, a kunna firji da kayansa a ciki tun bayan sallar asuba, da dare a kunna fanka da fitilu kamar ana daji, kada a tayar da inji. Washegari a daidai wannan lokacin a duba abin da ya rage a batirin baya, a kwatanta da lissafin da aka yi a takarda, sannan a murɗa makulli a ji yadda na gaba ya amsa.